Yadda Bot Ke Duba Saƙo Ya Ba Da Muƙami a Discord

A zaure mai yawan jama'a na Discord, wato dandalin hira ta intanet, ba zai yiwu shugabannin zaure su riƙa bin kowane sabon mamba suna ba shi muƙami da hannu ba. Shi ya sa ake ɗora wa bot, wato manhaja mai aiki da kanta, wannan aiki: mamba ya rubuta "na amince" a ɗakin dokoki, bot ya karanta, sannan ya ba shi muƙamin da zai buɗe masa sauran ɗakuna.

Ga mai aiki da yaren Python, laburaren discord.py yana da wani aiki mai suna on_message, wanda ke tashi duk lokacin da saƙo ya shigo. Abin da za a fara dubawa shi ne ko wanda ya aiko saƙon bot ne, domin idan aka manta da wannan, bot zai iya amsa wa kansa, ya sake amsa amsar, ba tare da tsayawa ba.

Kwatanta rubutun kuwa yana buƙatar natsuwa. Da yawa suna umartar bot ya duba ko kalmar "amince" tana cikin saƙon kawai, sai ga wanda ya rubuta "ban amince ba" ya samu muƙami daidai da wanda ya amince. Hanyar da ta fi inganci ita ce a mayar da saƙon zuwa ƙananan baƙaƙe, a cire sararin da ke farkonsa da ƙarshensa, a tabbatar ya yi daidai da jimlar gaba ɗaya, kuma a tabbatar a ɗakin da aka keɓe aka rubuta shi. Bayan haka sai a kira add_roles, wato aikin da ke ba mamba muƙami. Shi ma muƙamin, gara a neme shi da lambarsa ta shaida maimakon sunansa, tunda suna na iya canzawa kowace rana.

Sai dai mafi yawan matsalolin ba daga rubutun manhajar suke fitowa ba, daga izini suke fitowa. Tun shekarar 2022, Discord ya taƙaita damar karanta abin da ke cikin saƙonni, saboda haka dole a kunna Message Content Intent a shafin masu haɗa manhaja, a kuma kunna shi cikin manhajar kanta. Idan ba a kunna ba ko kaɗan, saƙo zai iso wa bot babu rubutu a cikinsa, kuma babu gargaɗin da zai fito a lokacin kwatantawa. Sai dai a ga bot ya yi shiru. Bot ɗin da ya bunƙasa sosai kuma sai ya nemi amincewar Discord.

Izini na biyu shi ne Manage Roles, wato izinin ba da muƙamai, amma shi kaɗai bai isa ba. Muƙamai a Discord jere suke daga sama zuwa ƙasa, kuma bot ba ya iya ba da muƙamin da ya kai nasa ko ya fi shi. Nan ne kuskuren 403, wato saƙon da ke nuna an hana bot izini, ke bayyana, wasu kuma su gaggauta mayar da bot ɗin Administrator, wato mai cikakken izini, alhali hakan ba ya ƙetare wannan jeri, haɗari kawai yake ƙarawa idan makullin sirrin bot ya faɗa hannun wani. Gyaran da ake buƙata shi ne a shiga saitin zaure, a ja muƙamin bot sama da wanda zai riƙa bayarwa.