Nannaɗe yatsu kaɗai ba shi ne mudra ba

Jama'a, akwai hoton wani gunki da ya nannaɗe yatsunsa da ke ta yawo a wayoyinmu. Wasu sun rantse alamar ƙungiyar asiri ce, yara kuwa sun ce ai ta 'yan ninja ce ta cikin katun. To, a yi haƙuri a tsaya.

Wannan gunkin Dainichi ne, babban Buddha a ɗariƙar Shingon ta addinin Buddha a Japan. Hannun dama a dunƙule, ya riƙe manuniyar hagu. Irin wannan riƙon shi ake kira mudra. Kukai, wanda ya kafa ɗariƙar, ya je ƙasar Sin a 804, ya yi karatu wajen malaminsa Huiguo a birnin Chang'an, ya dawo gida a 806. A Dutsen Koya da ke Japan aka ba shi wurin gina gidan ibada a 816.

Kowane yatsa da abin da yake wakilta: ƙaramin yatsa ƙasa, na kusa da shi ruwa, na tsakiya wuta, manuniya iska, babban yatsa sarari.

Ga inda mutane ke ɓata. A aƙidarsu hannu ba ya aiki shi kaɗai. Abu uku ake haɗawa a lokaci guda: yatsu suna riƙe da mudra, baki yana karanta mantra (wato kalmomin addu'a da ake maimaitawa), zuciya tana riƙe da surar Buddhan. Sun yi imani cewa in ukun nan suka dace, jikin mai ibada da furucinsa da tunaninsa za su zama ɗaya da na Buddha tun a wannan rayuwa. In ka cire biyu ka bar hannu, kamar ka kara waya a kunne ne ba layi a ciki.

Ku lura da limamin Shingon in yana ibada. Ina hannayensa? Ya tura su ƙarƙashin rigarsa. Da gangan ne. Irin waɗannan mudra daga bakin malami ake karɓarsu, bayan bikin shigarwa da ake yayyafa wa almajiri ruwa a ka. Shi ya sa ni dai bidiyon "koyi mudra a minti biyar" dariya yake ba ni.

Na 'yan ninja fa? Kalmomi tara da suke furtawa daga rubutun Ge Hong suka fito, malamin addinin Tao a Sin a ƙarni na 4, na neman tsari ne ga mai shiga duwatsu. Daga baya aka haɗa su da yatsu a Japan.