Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Ziyararsa ta Birnin Montreal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. A madadin Hausawa mazauna Montreal da kewaye, na Najeriya da na Nijar da na Gana da Kamaru, malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai da iyayenmu mata, ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan tawagarka. Sannu da hanya, sannu da sanyi. Wannan da ka tarar mu ba ma ce masa sanyi tukuna, sai Janairu ya kama.

Da saƙo ya iso mana cewa kana tafe, kuma abin da ka fi ɗokin gani shi ne tsofaffin rajistocin cocin Katolika na wannan lardi na Kebek a ƙasar Kanada, wasu cikinmu sun ɗan yi mamaki. Waɗanda suka san ka da son tarihi da bin salsalar gidaje ba su yi ba. An ɗora mini nauyin in share maka fage kafin gobe, in Allah ya kai mu, ka gani da idonka, tunda gani ya kori ji.

Ranka ya daɗe, mutanen nan daga 'yan kaɗan suka yaɗu. Samuel de Champlain ya kafa birnin Kebek a 1608, aka kafa Montreal a 1642. Faransawan da suka zo suka zauna suka bar zuriya a duk zamanin mulkin Faransa ba su wuce dubu goma ba, yawancinsu daga Normandi da Perche da yankin La Rochelle da birnin Paris. A cikinsu akwai sojojin rundunar Carignan-Salières da suka sauka a 1665, kusan 400 daga cikinsu suka ƙi komawa gida. Akwai kuma 'yan mata kusan 800 da Sarkin Faransa Louis na 14 ya ɗauki nauyin kawowa tsakanin 1663 da 1673 don a yi musu aure, saboda maza sun rinjayi mata nesa ba kusa ba. Daga tsatson waɗannan ne miliyoyin mutane suka fito. Sunan dangin da ya fi kowanne yawa a lardin nan shi ne Tremblay, kuma kakansu ɗaya ne, Pierre Tremblay, mutumin Perche, wanda ya auri Ozanne Achon a Kebek a 1657. Ba a bakin maroƙa aka ji wannan ba. A rubuce yake.

Rajistar cocin Notre-Dame da ke birnin Kebek ta fara ne daga 1621. A 1640 gobara ta cinye ta, sai da limaman cocin suka bi mutane suna tambaya, suka sake rubuta abin da aka iya tunawa. Daga 1679 aka soma aiki da dokar da ta ce kowace rajista a yi ta biyu: ɗaya ta zauna a coci, ɗaya a miƙa wa magatakardan kotu a ƙarshen shekara. Ingilishi sun ci ƙasar da yaƙi a 1760, suka bar tsarin yadda suka same shi. Haka aka yi ta yi har 1994, lokacin da gwamnatin lardi ta karɓi aikin rajistar haihuwa da aure da mutuwa gaba ɗaya. A ganina, wannan kwafi na biyu shi ne rabin sirrin. Coci ya ƙone, ta kotu tana nan. Ɓera ya ci ta kotu, ta coci tana nan.

Ragowar rabin yana cikin takardar ɗaurin aure, kuma a nan nake roƙon ka tsaya gobe ka duba da kyau. Fada, wato limamin coci, ba ya tsayawa ga sunan ango da amarya. Zai rubuta rana da wata da shekara, ya ce an yi shelar auren sau uku a coci ba a sami mai ja ba, sannan ya ce wane, manomi, ɗan wane da wance, na gari kaza, ya auri wance, 'yar wane da wance, na gari kaza. Idan uba ko uwa sun rasu, zai sa marigayi ko marigayiya. Uwa kuma da sunan gidan ubanta ake rubuta ta, ba da na mijinta ba, tun daga haihuwarta har ranar da za a binne ta. To ka ga takarda ɗaya ta ba ka mutum shida, ta kuma gaya maka garin da za ka nufa ka nemo auren iyayensu. Auren iyaye ya kai ka ga na kakanni. A haka, kamar mai hawa tsani, mutum zai yi ta tafiya har ya isa kan wanda ya sauko daga jirgin ruwa, a can kuma fada ya rubuta sunan garinsu na Faransa.

Abin da ya fi taɓa ni a takardun nan layi ne guda da ke zuwa a ƙarshen da yawa daga cikinsu, inda fada ke cewa shaidu sun ce ba su iya sa hannu ba. Talakawa ne, manoma da masu saran itace, ba su san ko baƙi ɗaya ba, amma sunansu bai ɓace ba. Rajistar baftisma ma haka take. Jariri kan sami baftisma ranar da aka haife shi ko washegari, domin mutuwar jarirai ta yi yawa a lokacin. Sau da yawa za ka ga sunan yaro a wannan shafi, ka juya shafi biyu ka tarar da binne shi, bayan shekara kuma a sake haihuwa a mayar wa ƙanensa sunan. Mai bincike da ya yi garaje sai ya ɗauki mamaci ya mai da shi kakansa. Ga kuma Marie da Joseph da ake liƙa wa kusan kowane yaro a gaban sunansa.

Masu cika ɗakunan binciken nan ba 'yan Kanada kaɗai ba ne. Da yawansu daga Amurka suke. Tsakanin 1840 da 1930 kimanin mutum dubu 900 suka bar Kebek saboda ƙarancin gonaki da bashi, suka tsallaka zuwa masaƙun auduga na Lowell da Fall River da Manchester da Woonsocket da Lewiston. Sun kafa unguwanninsu da cocinsu da makarantunsu, amma jikoki sun saki Faransanci, sunaye ma suka juye. Roy ya koma King, Leblanc ya koma White, Boisvert ya koma Greenwood. A nan ne zaren ke tsinkewa. Ba'amurke mai suna King zai zo ya ƙare neman King a rajistar Kebek bai samu ba. Sai an mayar da shi baya, ya nemo takardar auren kakansa a cocin Faransawa na can Amurka, inda fada ɗan'uwansu ne, ya rubuta sunan yadda yake, wani lokaci har da ƙauyen da aka baro a gaɓar kogin Saint-Laurent. Ko ya tsallake wannan, akwai laƙabi na jiransa. Gida ɗaya na iya ɗaukar suna biyu, kamar Hudon da ake ce wa Beaulieu, ko Miville da ake ce wa Deschênes. Wa ya riƙe wannan, ƙane ya riƙe wancan, bayan shekara ɗari jikokinsu ba su san jininsu ɗaya ba.

An yi aikin sauƙaƙa wahalar. Wani fada, Cyprien Tanguay, ya bi coci-coci ya fitar da kundin nasaba mujalladi 7 tsakanin 1871 da 1890. Cibiyar binciken nasaba ta Drouin ta ɗauki hotunan rajistocin tun daga shekarun 1940. Jami'ar Montreal ta soma zuba su cikin kwamfuta tana haɗa iyalai tun 1966, a shirin da ake kira PRDH, yau kuma ana bincikarsu ta intanet. Sai dai masana za su gaya maka kada ka dogara da abin da wani ya kwafo. Tanguay da kansa yana da kurakurai. A koma ga rubutun fada, ko da tawadar ta dusashe.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, rajistocin nan ba kowa suka yi wa adalci ba. An yi bauta a ƙasar nan. Masanin tarihi Marcel Trudel ya ƙirga bayi sama da dubu huɗu, kashi biyu cikin uku 'yan asalin ƙasar ne, sauran baƙar fata. Na farko da aka sani daga Afirka yaro ne da aka yi wa baftisma a Kebek a 1633 aka sa masa Olivier Le Jeune, ya rasu a 1654. Irinsu idan an rubuta su, sunan ubangida ake sawa inda ya kamata a ga na uwa da uba. Mu da muka fito daga Afirka ba ma wuce waɗannan shafuka ba tare da mun tsaya ba.

Ba za mu yi maka karambanin abin da za ka yi da abin da ka gani ba idan ka koma gida. Roƙonmu ɗaya ne: idan ana shawarar rubuta ɗaurin aure a masallatan ƙasarka, a tuna da sunan uwa da na mahaifinta, a kuma yi littafin biyu. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun fara tambayarmu sunan kakannin kakanninsu, kuma ba kullum muke da amsa ba.

Gobe da hantsi za mu raka ka gidan adana takardun tarihi na lardi da ke titin Viger, daga nan mu ratsa tsohon gari ka ga cocin Notre-Dame na nan Montreal, mu dawo kafin la'asar. Yanzu dai iyayenmu mata sun tanadi tuwo da miyar kuka, kukar kuwa daga gida aka zo da ita. Kafin nan muna roƙon Malam ya yi mana addu'a, sannan mu saurari jawabinka.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da ka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.