Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Wajen Buɗe Baje Kolin Ayyukan Ɗaliban Zane

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, mai girma Hakimi, uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka, shugaban wannan kwaleji da muƙarrabansa, malamai abokan aikina, iyayen yara, 'yan jarida, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin sashen koyar da zane, ina yi wa mai girma Kwamishina da tawagarsa barka da zuwa, sannu da hanya. Ranka ya daɗe, mun san irin ayyukan da ka ajiye a ofis ka taho, mun kuma san ba kullum ake samun babban mutum ya zo kallon aikin masu katun ba. Har yanzu akwai iyayen da idan yaro ya ce musu abin da yake karanta ke nan, sai su tambaye shi yaushe zai fara karatun gaske. Zuwanka ya rage mana dogon bayani a gidaje da yawa. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗalibanmu na ajin ƙarshe sun gina baje kolin bana a kan tarihin kamfani guda, Hanna-Barbera na birnin Los Angeles a Amurka. Ko wanda bai san sunan ba ya san kayansu, don da wuya a wannan zaure a samu wanda bai taɓa zama gaban talabijin yana kallon Scooby-Doo ba, ko kyanwar nan da ɓeran da ba sa ga maciji. Ina neman izini in ɗan ba da tarihin kafin mu shiga zagaye, saboda a cikinsa ne roƙonmu yake.

William Hanna da Joseph Barbera sun haɗu ne a sashen zane na kamfanin fina-finai na MGM. A 1940 suka fitar da gajeren fim ɗin da ya zama mafarin Tom and Jerry, suka ci gaba da shi har suka yi guda 114, bakwai daga ciki suka ci lambar Oscar. Amma mai karɓar lambar a dandamali shi ne shugaban sashen, Fred Quimby, kuma kyanwar da ɓeran mallakar MGM ne. A 1957 kamfanin ya lura cewa idan ya sake haska tsofaffin katun a sinima, kuɗin da ke shigowa bai gaza na sababbi da wani abin kirki ba, sai kawai ya rufe sashen. Mutanen nan biyu, kowannensu ya haura shekara arba'in da biyar, suka wayi gari ba aiki, ba su kuma da ikon tafiya da ko jelar Tom.

A watan Yulin shekarar suka kafa nasu kamfanin. Kwabo suka jefa sama don a raba gardamar sunan wa zai zo farko, Hanna ya ci. Suka nufi talabijin, wadda a lokacin manyan masu zane ke yi wa kallon raini. Dalilin rainin kuɗi ne. A MGM ana kashe sama da dala 30,000 a kan katun na minti bakwai. Screen Gems, reshen talabijin na kamfanin Columbia, da ya yarda ya saya, abin da ya iya bayarwa kusan dala 3,000 ne a kan minti biyar. Suka karɓa. A watan Disamba na 1957 tashar NBC ta fara nuna The Ruff and Reddy Show.

Yadda suka yi da wannan ɗan kuɗi shi ne abin da za ka gani a teburin farko, ranka ya daɗe. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma a tsohon tsari mai zane yakan sake zana jikin dabba gaba ɗaya, daga kunne har ƙafa, sau bila adadin. Su kuwa sai suka yanka jikin gunduwa-gunduwa. A zana gangar jiki sau ɗaya a kan takardar roba mai haske wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta, a ajiye. A zana kai a wata takardar, a ɗora. Baki kuma a yi masa 'yan siffofi kaɗan, a buɗe, a rufe, a zagaye, a riƙa sauya su gwargwadon maganar da ke fita. Idan mai girma ya duba Yogi Bear da kyau zai ga dabbar daji ce ba riga ba wando, amma ga kwala da nektai a wuya. Ba ado ba ne. Kwalar ce ke ɓoye mahaɗar kai da jiki, yadda kai zai yi ta juyawa jiki na tsaye cak. Haka kuma bango: Fred Flintstone, tauraron shirinsu The Flintstones, zai ruga a cikin ɗakinsa ya wuce taga ɗaya da kujera ɗaya sau biyar, kai ka ce ɗakin ya kai tsawon titin jirgi. Da irin wannan dabara zanen da katun na minti bakwai ke ci ya sauko daga kimanin 14,000 zuwa wajen 2,000.

Da motsi ya ragu, sai nauyi ya koma kan murya da zance. Daws Butler da Don Messick, mutum biyu, su ne suka riƙa yin muryoyin mafi yawan dabbobin shirye-shiryen farko. Masu sukar aikin, ciki har da fitaccen mai zane Chuck Jones, suka riƙa kiran irin wannan katun rediyo mai hoto. Zagi suke nufi. Ni dai a nan na ga ƙofarmu, don idan ana maganar iya baki da wasan kwaikwayon rediyo, ba mu da wanda za mu je wa aro.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. The Huckleberry Hound Show ya fito a 1958 da kuɗin tallar kamfanin Kellogg's, kuma a 1960 ya zama katun na farko da ya ci lambar Emmy, wadda ake bai wa shirye-shiryen talabijin. A shekarar ce tashar ABC ta sa The Flintstones a lokacin da manya ke kallo da daddare, bayan Barbera ya shafe makonni a New York yana yawo da allunan zane daga ofis zuwa ofis ana ba shi haƙuri. Shirin ya yi shekara shida, kashi 166. Wani abin da yaran yanzu ba za su yarda ba, cikin masu ɗaukar nauyinsa na farko har da kamfanin taba sigari. Top Cat ya biyo a 1961, The Jetsons a 1962, Scooby-Doo a 1969. Wanda ya zana karen nan Scooby-Doo, Iwao Takamoto, ya fara koyon zane ne a sansanin Manzanar, inda gwamnatin Amurka ta tsare iyalan Japanawa lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1966 kamfanin Taft Broadcasting ya sayi Hanna-Barbera a kan dala miliyan 12, masu shi suka ci gaba da jan ragama.

Ba duka ne abin yabo ba, kuma mun gaya wa ɗalibai haka. A shekarun 1970 kamfanin ya mamaye shirye-shiryen yara na safiyar Asabar, sai ya shiga kwaikwayon kansa: matasa huɗu, wata dabba mai magana, da fatalwar da a ƙarshe za a tuɓe wa abin rufe fuska a ga mutum ne. An sake dafa wannan miyar har ta salance. Neman araha kuma ya sa aka riƙa tura aikin zane zuwa ƙasashen waje irin su Ostareliya da Taiwan, abin da ya kai masu zane na Los Angeles ga yajin aiki a 1979 da 1982.

A 1991 kamfanin Ted Turner ya saye shi a kan dala miliyan 320. Ba gini ya saya ba, tarin tsofaffin shirye-shiryen ya saya, waɗanda aka yi su cikin ƙuncin kuɗi ana raina su. Da su aka buɗe tashar Cartoon Network ranar 1 ga Oktoba, 1992. Da yake Turner ya riga ya mallaki tsofaffin fina-finan MGM tun 1986, Tom da Jerry suka sake haɗuwa da iyayen gidansu a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Hanna ya rasu a 2001, a shekarar aka narkar da kamfanin cikin sashen zane na Warner Bros., Barbera kuma ya bi shi a 2006.

Ranka ya daɗe, an saba idan babban baƙo ya zo a miƙa masa jerin buƙatu, kwamfuta da janareta da mota. Muna so, ba mu ƙi ba. Amma abin da ya tayar da Hanna-Barbera mai saye ne, wanda ya ce ga kuɗi kaɗan, ku kawo shiri kowane mako, zan nuna. Irinsa muke nema. Muna roƙon mai girma ya sa mana baki a gidan talabijin na jiha a ware wa katun na Hausa minti biyar a mako, a kan yarjejeniya rubutacciya, a riƙa biya a kan lokaci ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Muna kuma roƙon yarjejeniyar ta bar wa yaran mallakar abin da suka ƙirƙira, kada su wayi gari irin yadda mutanen nan biyu suka waye a 1957. Aikin yanka jiki gunduwa-gunduwa da a da sai an tara ɗaki guda na ma'aikata, yau ɗaliba ɗaya na yin sa da kwamfutar tafi-da-gidanka. A tebur na ƙarshe za ka ga Gizo da Ƙoƙi da aka yi da wannan tsari, an sa wa Gizo rawani mai saukowa har wuya, kuma yanzu mai girma ya san dalili.

Ina roƙon mai girma Kwamishina, tare da rakiyar uban ƙasa, ya taso ya yanke ƙyalle ya buɗe mana wannan baje koli. Allah ya ƙara girma, ya yi riƙo da hannunka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.