Amsoshin Tambayoyinku: Harsashi Yana Iya Nuna Wanda Ya Yi Kisa?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wannan makon takardu uku muka ware, dukkansu a kan yadda ake amfani da bindiga da harsashi a matsayin hujja idan ana binciken kisan kai.

Takarda ta farko daga wani malamin makaranta ne. Yana cewa ya sha jin an ce ƙwararru sun tabbatar harsashin da aka ciro daga gawa daga bindigar wane ya fito. Shin da gaske ana iya gane hakan, ko dai hasashe ne?

To Malam, ana iya gane wani abu, amma bai kai yadda ake kururuta shi ba. A cikin bututun yawancin bindigogi akwai wasu tsage-tsage da aka murɗa tun daga masana'anta, su ne ke sa harsashi ya riƙa juyawa don ya tafi saiti. Idan harsashin ya bi ta ciki, sai su bar masa zane a jiki. Shi ma kwanson harsashin yana samun tabo a gindinsa, wurin da allurar bindiga ta buge shi. Mai bincike zai ɗauki bindigar da ake zargi, ya harba ta cikin tankin ruwa don kada harsashin ya lotse, sannan ya jera nasa da wanda aka ciro daga gawa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu mai ido biyu da ke haɗa hotunan wuri guda. Calvin Goddard ne ya yi fice da wannan dabara a Amurka a shekarun 1920.

Yawan tsagin da faɗinsu da gefen da suka murɗa, waɗannan ba a cika jayayya a kansu ba, kuma da su ake kore bindiga a ce ba ita ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan ƙarce-ƙarcen da ake cewa kowace bindiga da nata. Bindigogin da aka ƙera a jere da ƙarfen yanka ɗaya suna iya kama da juna sosai. Bututu yana canzawa da yawan harbi da tsatsa. Harsashin da ya bugi ƙashi kuwa sau da yawa a murƙushe yake fitowa. A ƙarshe idon mutum ne ke yanke cewa kamar ta isa, babu wani ma'auni da kowa zai ɗora ya samu amsa ɗaya. Rahoton Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka na 2009 ya soki wannan gibi, haka ma rahoton kwamitin masu bai wa shugaban ƙasar shawara kan kimiyya na 2016. A 2023 Kotun Ƙolin jihar Maryland ta ce ƙwararre yana iya shaida cewa zanen ya dace da bindigar, amma kada ya ce lallai daga ita harsashin ya fito.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Anthony Ray Hinton, a jihar Alabama, an yanke masa hukuncin kisa kan kashe mutum biyu a 1985, kuma babbar hujjar ita ce iƙirarin cewa harsasan sun fito daga libarbar da aka samu a gidan mahaifiyarsa. Lauyansa ya zaci dala 1,000 kaɗai doka ta ba shi damar kashewa wajen ɗauko ƙwararre, sai ya kawo mutumin da ido ɗaya kawai yake gani da shi, wanda ko madubin bai iya sarrafawa da kyau ba. Masu gabatar da ƙara suka yi kaca-kaca da shi. Daga baya wasu ƙwararru uku suka duba suka ce ba za a iya danganta harsasan da wannan bindiga ba. Sai a watan Afrilun 2015 aka sake shi, bayan kusan shekara 30 yana jiran ranar kisa. Ni abin da ya fi ɗaga mini hankali a nan shi ne, ran mutum ya rataya a kan ko lauyansa zai iya biyan wanda zai sake duba harsashin.

Takarda ta biyu daga wata baiwar Allah ce da ta ce an kashe ɗan'uwanta, kuma ta ji an ce bindigar ta yi ta yawo hannu-hannu kafin a kai ta ɗakin gwaji. Tana tambaya ko hakan ya ɓata shari'ar ke nan.

'Yar'uwa, da farko Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ba lallai ne shari'a ta rushe ba, alƙali ne zai auna, kuma dokar kowace ƙasa da yadda take kallon abin. Amma damuwarki tana kan hanya. Ƙa'idar aikin ita ce a ɗauki hoton komai a inda yake kafin a taɓa. Ba a zura biro ko sanda cikin bututu don a ɗaga bindiga, ba a ciro harsashi da hantsakin ƙarfe tsirara, domin ƙarce ɗaya na iya ɓata zanen da ake nema. Kowane harsashi da kowane kwanso ambulan ɗinsa daban, a liƙe, a sa hatimi da kwanan wata. Duk wanda ya karɓa ya sa hannu, duk wanda ya miƙa ya sa hannu. Idan aka samu kwana biyu da takarda ba ta nuna inda bindigar take ba, lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya wa ya tabbatar ita ce, kuma tambayarsa halal ce.

Shari'ar Sacco da Vanzetti ta nuna yadda irin wannan sakaci ke daɗewa yana cin mutane. An tuhume su da fashi da kisan mutum biyu a jihar Massachusetts a 1920. Lokacin da ake sauraron buƙatar a sake shari'ar, wani ƙwararre na ɓangaren masu kare su, Albert Hamilton, ya kwance bindigar Sacco tare da wasu sababbi biyu a gaban kotu, ya sake haɗa su. Daga baya aka gano an musanya bututun. An zartar wa Sacco da Vanzetti hukuncin kisa a 1927. Gwajin Goddard na wannan shekarar, da waɗanda aka sake a 1961 da 1983, sun danganta harsashi ɗaya da bindigar Sacco. Duk da haka har yau akwai masu cewa shi kansa harsashin musanya shi aka yi tun farko, domin cikin huɗun da aka ciro daga jikin ɗaya daga cikin mamatan shi kaɗai ya dace da ita. Madubi ba ya warware irin wannan zargi, rikodin ajiya ne kaɗai zai iya.

Su ma ɗakunan gwajin suna kuskure. A 2008 an rufe na 'yan sandan birnin Detroit bayan an sake duba shari'o'in bindiga 200 aka tarar da kuskure a kashi 10 cikin 100. Don haka ku sa lauyanku ya nemi ganin takardar da ke nuna hannayen da kayan suka bi, da rahoton gwajin cikakke, ba taƙaitaccensa ba. Wannan buƙata ta fi amfanar ku iyalan mamaci, saboda hujjar da aka wulaƙanta tana iya kuɓutar da mai laifi.

Ta uku gajera ce. Wani matashi yana tambaya: idan aka samu burbushin albarushi a jikin mutum, ya tabbata shi ya yi harbi?

A'a, ɗan'uwa. Burbushin da ake nema ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu ɗauke da dalma da wasu sinadarai biyu, bariyom da antimoni. Suna sauka kan wanda ya harba, da na kusa da shi, kuma suna iya manne wa mutum daga ankwa ko kujerar motar 'yan sanda. A hannun mai rai cikin 'yan sa'o'i suke kakkaɓewa. A Ingila, an ɗaure Barry George a 2001 kan kisan 'yar jaridar talabijin Jill Dando da aka harbe a Landan a 1999. Ƙwaya ɗaya tak aka samu a aljihun kwat ɗinsa, kusan shekara guda bayan kisan, kuma an kai kwat ɗin ɗakin ɗaukar hoto na 'yan sanda kafin a gwada shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2007, aka sake shari'a ba tare da wannan hujja ba, aka wanke shi a 2008. Har yanzu ba a hukunta kowa kan kisan ba.

Lokaci ya cim mana. Akwai takardu biyu kan zanen yatsa a jikin makami, su za mu fara da su mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi, mu kwana lafiya.