Fodkas: Birkin motar tseren laka, faifai da kalifa da fad

Sani: Jama'a barkanmu da warhaka, yau muna tare da Oga Bala makaniki, ga kuma Habu. Oga, jiya na kwana kallon tseren Eldora ɗin nan na jihar Ohayo a Amurka, motoci na zagaye kan laka suna shiga kwana a karkace kamar za su kife, na ce anya waɗannan suna da birki kuwa?

Oga Bala: Suna da shi mana, sai dai ba tsayawa ake nema da shi ba, juya motar ake. Filin ai zagaye ne, kullum hagu ake kwana, to direba yana ɗan latsa birki ne bayan motar ya zame ta fuskanci kwanar, sai ya koma kan totur.

Habu: Wato ƙarfin birkin a baya yake kenan?

Oga Bala: Yawwa, akasin motar gida. Wasu ma suna da wani bawul da ke rufe birkin tayar gaba ta dama gaba ɗaya, don ta hagu ta ja motar ciki. Ƙananan nan masu fiffike a sama da ake tsere da su a Knoxville, jihar Ayowa, yawanci tayar gaba ta dama ma ba ta da birki sam.

Sani: Kai! Mota mai ƙarfin doki kusan 900?

Oga Bala: Eh, amma nauyinta da direba bai fi kilo 650 da ɗan wani abu ba.

Habu: Ni dai da ni ne babban faifan birki zan ɗaura, in huta.

Oga Bala: Ka ji ka, nan mutane ke ɓarnar kuɗi. Faifan nan tare da taya yake juyawa, duk nauyin da ka ƙara injin ne zai sha wahalar juya shi, kuma laka ba ta dafa birki kamar kwalta. Shi ya sa za ka ga an yanke gefen faifan kamar bakin zarto don rage nauyi. Wanda aka fi sawa faɗinsa inci 11.75 ne, kaurinsa inci 0.81, in filin babba ne ko motar na da nauyi sai a koma mai kauri 1.25 mai ramukan iska a tsakiya. Akwai na titaniyam, ba nauyi kamar faranti, amma tsada wallahi, kuma ba kowane fad, wato takalmin birkin da ke goga faifan, yake karɓa ba.

Sani: To kalifa fa Oga, wato abin da ke matse fad a jikin faifan?

Oga Bala: Fara karanta dokar ajin tseren da za ka shiga tukuna, don wasu ajin sai kalifar ƙarfe irin ta kamfani, ka sayo ta alminiyam mai fistin huɗu ta kamfanin Wilwood a ce maka cire. In an yarda, girman fistin kake dubawa, babba ya fi matsewa amma fedal zai yi nisa kafin ya kama.

Habu: Fad kuma ai kowanne ne.

Oga Bala: Haba Habu, ya fi komai ma. Fad ɗin tseren kwalta sai ya yi zafi yake cizo, ka sa shi a laka ka shiga kwanar farko yana sanyi, sai bango. Ka nemi mai kamawa tun da sanyi amma ba mai fizga ba, don idan filin ya bushe ya yi santsi yana sheƙi, ɗan taɓawa kaɗan tayoyi su kulle. Kuma sabon fad sai an gasa shi, a yi ta taka birki a hankali ana ƙara ƙarfi, a bar shi ya huce.

Sani: Man birki fa, na gida zai yi?

Oga Bala: Mai lamba DOT 4 dai aƙalla, sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, kuma kar ka haɗa shi da DOT 5. Habu miƙo min ruwan nan, maƙogwarona ya bushe.