Buhu da Tafin Hannu: Lacca a kan Ilimin Ƙididdiga

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, da iyayenmu mata da ke can baya, kuna ji na? To, madalla.

Abu huɗu zan taɓo yau: jimilla, samfuri, yadda ake ɗiban samfuri, sai yadda ake yanke hukunci da shi.

Jimilla ita ce dukkan abin da kake son sanin halinsa, kuma ba lallai sai mutane ba. Yaran jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara 5 jimilla ce. Ƙwayoyin maganin da masana'anta ta buga a wata guda jimilla ce. Ba ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya, kuɗi ba za su kai ba, lokaci ba zai kai ba. Wani gwajin ma cinye abin yake yi: in ka narkar da kowace ƙwaya don ka auna ta, me za a ba maras lafiya? Dole ka ɗebi kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne samfuri.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ya ga wannan ilimi da idonsa. Mai sayen masara ba ya zazzage buhu. Kuma in ya san abin da yake yi, ba ya ɗiba daga baki, domin bakin buhu nan ake yi wa ado. (dariya) Ƙarfe mai tsini zai soka a ciki, ya soka a gindi, ya soka a gefe, ya tara a tafin hannu ya duba. Ku lura, jama'a, ku lura da kyau: mudu goma daga bakin buhu bai kai cikin tafi ɗaya da aka tsakuro daga ko'ina ba.

Bari in ba ku labarin da nake so ƙwarai. A 1936 ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka tsakanin Franklin Roosevelt, shugaba mai ci, da Alf Landon. Akwai wata mujalla, Literary Digest, wadda ta yi suna wajen faɗin wanda zai ci zaɓe, ta kuma dace sau da dama a jere. Ta aika takardun tambaya wajen miliyan 10. Miliyan 10! Fiye da miliyan 2 suka dawo. Aka lissafa, ta ce Landon zai samu kashi 57 cikin 100. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya cinye jiha 46 cikin 48. Landon biyu kacal ya tsira da su.

Me ya faru? Daga ina mujallar ta samo sunaye? Daga littafin masu tarho, da rajistar masu mota, da jerin masu sayen mujallarta. A shekarun da tattalin arziki ya durƙushe, wa ke da tarho da mota? Masu hali. Talaka kuwa, wanda yake son Roosevelt, sunansa bai cika shiga jerin ba. Sannan ga matsala ta biyu, wadda ɗalibai ke mantawa: cikin mutum huɗu da aka aika wa, kusan uku ba su amsa ba. Waɗanda suka ɗauki alƙalami suka cike, suka aika, galibi masu jin haushin gwamnati ne. Mai fushi ya fi saurin magana, ko ba haka ba, Hajiya? Wanda ya yi shiru shi ma yana da ra'ayi, kuma ranar zaɓe ya fito.

A shekarar nan dai wani mai binciken ra'ayin jama'a, George Gallup, ya tambayi mutane wajen dubu 50, ya ce Roosevelt ne. Dubu 50 ta kayar da miliyan 2. Mujallar ba ta sake farfaɗowa ba, a 1938 ta rufe. Shi ma Gallup ya sha ƙasa a 1948, ya ce Thomas Dewey zai ka da Harry Truman a zaɓen shugaban ƙasa, ba haka aka yi ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an bar wa masu tambaya su zaɓi wanda za su tsayar, mutum kuwa wanda ya fi sauƙin samu yake tsayarwa. Shi ya sa duk lokacin da na ga an yi tambaya a Facebook, mutum dubu 30 sun danna, aka ce "ga ra'ayin 'yan Arewa", sai raina ya ɓaci. Ina manomin da ba shi da data? Ina tsohuwar da ba ta riƙe waya?

Abu na uku, yadda ake ɗiban samfuri, ai mun riga mun shiga cikinsa. Maganin dai shi ne ƙuri'a: a bar sa'a ta yi zaɓen, kowa ya zama yana da damar faɗowa ciki, hannun mai bincike ya fita. In an yi haka, lissafi zai gaya maka girman kuskurenka. Mutum dubu da aka ɗebo da ƙuri'a, ratar kuskure wajen maki 3 ce sama ko ƙasa, kuma sau 95 cikin 100 gaskiya tana cikin ratar. In ka samu kashi 52, ka ce tsakanin 49 da 55, kada ka buga ganga tukuna. Kana son ka raba ratar biyu? Sai ka ninka samfurin sau huɗu. Yanke hukuncin ke nan a gurguje, lokaci yana tafiya.

Na'am, Malam, ga hannu can. A miƙa masa.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, in mutum dubu sun isa, me ya sa gwamnati ke kashe maƙudan kuɗi a ƙidayar jama'a?

Madalla da wannan tambaya, Allah ya yi maka albarka. Ƙuri'a ba ta yiwuwa sai da jerin da za a ɗiba daga ciki. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya shiga gidaje wajen dubu 40 ne, amma yankunan da aka zaɓo daga taswirar ƙidayar 2006 aka ciro su. A 2006 aka ƙirga mu miliyan 140, kuma ƙa'ida ita ce a maimaita duk shekara 10. An sa 2023, aka ɗage. Ka dubi unguwannin da suka tsiro a bayan Kano da Kaduna tun daga lokacin, ka dubi ƙauyukan da rikici ya tasa. Tsohon jeri bai san da su ba, sai ma'aikata sun sake bin yankin da ƙafa suna rubuta gidaje kafin a ɗiba.

Sannan samfurin dubu zai gaya maka halin ƙasa, amma ba zai gaya maka yara nawa ke mazaɓarku ba, balle a san aji nawa za a gina ko allurar rigakafi nawa za a kai. Wannan sai an bi gida-gida. Shugaba yana nuna mini agogo, sauran tambayoyin mu haɗu a waje bayan sallah. Wassalamu alaikum.