Aron da ba a biya: lacca kan ɗebewa da gurbin lamba

An rubuto wannan daga muryar laccar da aka naɗa a Agege, Legas, wadda aka gabatar wa malaman firamare da na Islamiyya da wasu iyaye. An cire gaisuwa da godiya.

Malamai, iyayenmu, ga lissafi ɗaya a allo: 503 a ɗebe 278. Amsa 225 ce. Amma ku ba 'yan aji uku, za ku tarar da amsoshi uku na kuskure suna ta dawowa: 375, 325 da 235. Kada ku yi saurin jan biro. Kowace amsa tana gaya muku inda yaron ya yi tuntuɓe.

Mai 375 bai yi aro ba sam. A kowane gurbi ƙarama yake cirewa daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa: 3 daga 8, sifili daga 7, 2 daga 5. Laifin yana kan wanda ya haddace masa cewa "ba a cire babba daga ƙarami", sai yaro ya juya lambobin don a zauna lafiya. Mai 325 ya fi shi nisa. Ya mayar da 3 ta zama 13, ya mayar da sifili 9, amma ya bar 5 yadda take. Ya ci bashi ke nan, bai rage wa kowa komai ba. Shi kuwa mai 235 ya rage 5 ta koma 4, sifili ya zama 10, sai ya manta cewa daga wannan goman ne aka ɗauki ɗaya aka ba 3, ya cire 7 daga 10.

A ganina kalmar "aro" ce ma ta ɓata mana aiki. Wa ya taɓa ganin an mayar da abin da aka ara a lissafi? Canji muke yi. Mai naira ɗari biyar da zai biya 278 ba rance yake nema ba, takarda ɗaya ta ɗari zai fasa ta zama goma-goma guda goma. Kuɗinsa bai ƙaru ba, bai ragu ba.

To ku nuna haka da hannu kafin alli. Ku samo tsinken ashana ko na tsintsiya da roba. Tsinke goma ɗauri ɗaya, ɗauri goma dami ɗaya. Ku ajiye dami 5 da tsinke 3, ku bar tsakiya wayam, wannan shi ne sifili: gurbi ne da ba kowa, amma yana nan. Ku ce yaro ya ba ku tsinke 8. Ba su kai ba. Ya duba ɗauri, babu. Dole ya kwance dami ɗaya: saura dami 4, ɗauri 10. Ya kwance ɗauri ɗaya: saura ɗauri 9, tsinke 13. Yanzu ya ga inda 4 da 9 da 13 suka fito da idonsa. Sai ya rubuta kowane mataki daidai lokacin da hannunsa ke yin sa, ba bayan an kwashe tsinken ba, domin a nan ne yawancinmu muke sakin igiyar.

Akwai wata hanya da yaranku ke gani kullum. Mai albasa a kasuwar Mile 12, ko kwandastan danfo, wato motar haya ta Legas, ba ya ɗebewa in zai ba da canji. Hawa yake yi. Daga 278, biyu ta kai shi 280, ashirin 300, ɗari biyu 500, uku 503. Ku tara: 225. Babu aro, kuma sifilin da ke kayar da yara a takarda shi ne wurin hutawarsa. Harshenmu ma haka yake tafiya. Muna cewa ashirin ba ɗaya, ashirin biyu babu. Maƙwabtanmu Yarabawa sun fi mu zurfi a nan, 45 a wurinsu biyar ce babu a hamsin, hamsin ɗin kanta goma ce babu a ashirin sau uku, wato sittin. Dattawan da ke nan kuwa sun yi lissafin da ya fi wannan wuya: kafin naira ta zo a 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 fam. In ka fasa sule, sha biyu za ka samu, ba goma ba.

Ga wata dabara don sifili masu yawa. Tazarar da ke tsakanin lambobi biyu ba ta canzawa in ka rage musu daidai wa daida. 1000 a ɗebe 637, rage ɗaya sama da ƙasa: 999 a ɗebe 636, 363. Amma sai wanda ya gane dami da ɗauri za a ba wannan, in ba haka ba ya rage sama ya manta ƙasa.

Sannan dubawa. Amsa a tara da abin da aka cire, dole ta komo lambar farko. Mai 325 in ya tara da 278 zai ga 603, shi da kansa zai kama ɗarin da ta ƙaru.

Wata malama ta tambaya: in yaro ya kawo amsa daidai ta hanyar kasuwa, a ba shi maki?

Malama, a ba shi, muddin ya rubuta matakan hawansa. Amma kada ki bar shi nan. Rabawa mai tsawo ɗebewa ce a kai a kai cikin gurbi, kuma lamba mai ɗigo, irin 5.03 a ɗebe 2.78, wannan fashin damin dai take buƙata. Ki sa shi ya yi lissafi ɗaya ta hanya biyun, gefe da gefe, har amsoshin su haɗu.